Wa Sarki Zai Gaskata? Fashin Baƙi kan Amana da Gaba a Shirin Jodha Akbar

Duk wanda ya bi shirin Jodha Akbar tun daga farkonsa zai lura cewa rigima ɗaya ce ake ta sauya wa riga. A kai wa sarki sarar amaryarsa, ya hau dokin zuciya, ya yanke hukunci, gaskiya ta yi halinta daga baya, ya dawo yana ba da haƙuri. Tashar Zee TV ta Indiya ta fara nuna shirin a watan Yunin 2013, aka rufe shi a watan Agustan 2015 bayan kashi 566. Kamfanin Balaji Telefilms na Ekta Kapoor ne ya shirya shi, Rajat Tokas ya fito a matsayin Sarki Jalaluddin Muhammad Akbar na daular Mugal, wanda shirin ke kira Jalal, Paridhi Sharma kuma ta fito a matsayin Jodha, 'yar sarkin Amer, wata masarauta ta Rajput, wato mayaƙan Hindu na arewacin Indiya. Masu kallo da yawa sun ɗauke shi labarin kishiyoyi, uwargida Ruqaiya da amarya Jodha, kuma ba a rasa dalili ba, domin mafi yawan hayaniyar a cikin gidan sarki ake yin ta. Amma a ganina kishi ba shi ne ƙashin bayan labarin ba. Abin da kowa ke kokawa a kansa a wannan fada shi ne kunnen sarki: wa zai fara shiga wurinsa, kuma maganar wa zai gaskata. Idan aka riƙe wannan, za a gane inda shirin ya yi daidai da kuma inda ya zalunci wasu mutanen tarihi.

Sai an san yadda Akbar ya tashi kafin a fahimci abin da ya sa yarda take masa wuya. An haife shi a 1542 a Umarkot cikin yankin Sindh, lokacin da mahaifinsa Humayun yake gudun hijira bayan Sher Shah Suri ya ƙwace masa mulki. Yana ɗan shekara ɗaya iyayensa suka tsere zuwa Farisa, suka bar shi a hannun masu renonsa, ya faɗa hannun baffansa Askari, daga baya kuma hannun wani baffan nasa, Kamran. Marubutan daular sun ruwaito cewa lokacin da Humayun ya yi wa Kabul ƙawanya, Kamran ya sa an ɗora yaron a kan ganuwa inda igwa ke sauka, kuma Maham Anga, ɗaya daga cikin masu renonsa, ita ce ta kare shi da jikinta. Yaron da 'yan'uwan ubansa na jini suka yi garkuwa da shi, masu shayarwa kuma suka tsare ransa, ba abin mamaki ba ne ya girma yana fifita zumuncin nono a kan zumuncin jini. Mu da muka san hukuncin shayarwa a Musulunci ba sai an yi mana dogon bayani ba: wadda ta shayar da kai uwa ce, ɗanta ɗan'uwanka ne. A fadar Mugal wannan zumunci har muƙami yake kawowa. An ruwaito Akbar yana cewa tsakaninsa da Mirza Aziz Koka, ɗan Jiji Anga da ta shayar da shi, akwai kogin nono da ba zai iya tsallakewa ba.

Humayun ya rasu a watan Janairun 1556 bayan ya faɗo daga matakalar ɗakin karatunsa a Delhi, aka naɗa Akbar yana da shekara 13. Bairam Khan ne ya riƙe masa ragamar mulki, shi ya jagoranci nasarar Panipat a kan Hemu a wannan shekarar. A 1560 Akbar ya sallame shi, da zugar Maham Anga da mutanenta, aka kashe shi a Patan cikin Gujarat a farkon 1561 yana hanyarsa ta zuwa Makka. Ke nan kafin amarya ta sa ƙafa a Agra, babban birnin daular, saurayin sarkin ya riga ya ga yadda ake raba shi da wanda ya fi kowa kusa da shi ta hanyar raɗa a kunne. Shirin ya kama wannan da kyau. Jalal ɗin da aka nuna mana, mai cewa shi ba shi da zuciya, ba mugu ba ne kawai. Mutum ne da aka koya wa cewa duk wanda ya matso kusa da shi akwai abin da yake nema.

Auren kansa kuwa ba soyayya ce ta ƙulla shi ba, kuma shirin bai ɓoye hakan ba. Raja Bharmal na Amer yana cikin tsaka mai wuya. Ɗan ɗan'uwansa Suja, wanda shirin ke kira Sujamal, yana ganin sarautar tasa ce, ya nemi taimakon Mirza Sharifuddin Husain, hakimin Mugal a wannan yanki kuma mijin 'yar'uwar Akbar, Bakshi Banu. Sharifuddin ya matsa wa Amer lamba, ya ɗora mata haraji, ya riƙe ɗan Bharmal mai suna Jagannath da wasu 'yan gidan a matsayin garkuwa. Mafita ɗaya ta rage wa Bharmal: ya tsallake hakimi ya kai ga sarki. Ya tari Akbar a kan hanyarsa ta ziyarar kabarin Shehu Mu'inuddin Chishti a Ajmer, aka ɗaura auren a Sambhar a farkon 1562, ango yana da shekara 19. Tare da amarya, ɗan'uwanta Bhagwant Das da ɗansa Man Singh suka shiga hidimar daular. Wato yarinyar ta shigo gidan ne a matsayin jinginar amana tsakanin gidaje biyu da ba su yarda da juna ba. Duk laifin da aka ɗora mata, Amer aka ɗora wa, kuma duk darajar da ta samu, Amer ce ta samu.

Nan ne labarin ɓarin cikin Ruqaiya yake da ma'ana fiye da yadda ake kallonsa. A shirin, an zuba zaƙami a cikin za'afaran da ya fito daga wajen mutanen Amer, cikin Ruqaiya ya zube, zargi ya faɗa kan Jodha da 'yan'uwanta maza, Jalal ya kama su, alhali Maham Anga ce ta kitsa abin. Wannan ƙirƙirar marubutan shirin ce, ba ta cikin littattafan tarihi. Amma dubi yadda aka gina makircin. Jifa ɗaya ya kashe magajin da zai ɗaukaka Ruqaiya, ya ɓata amarya, ya kuma rusa sabuwar yarjejeniya da Rajput. Kishiya ba ta tunani mai faɗi haka. Wannan lissafin ɗan siyasa ne, wanda yake tsoron kada sarki ya samu wata madogara da ba shi ba. Maham ba ta neman kwanan sarki, ba ta neman soyayyarsa irin ta mace. Abin da take tsaro shi ne ƙofar da magana ke bi ta kai gare shi, domin ɗanta Adham Khan ya ci moriyarta. Ashwini Kalsekar ta taka wannan rawa ta yadda mai kallo zai tsane ta kuma ya ji tausayinta, musamman idan ta tsaya tsakanin ɗan da ta haifa da ɗan da ta raina.

Sai dai a nan tarihi ya fi shirin gaggawa nesa ba kusa ba. Maham Anga da amaryar Amer ba su yi zaman gida ɗaya ba sai na 'yan watanni. A 1561 Adham Khan ya ci Malwa da yaƙi, ya kori Baz Bahadur, ya riƙe mafi kyawun ganima bai aika wa sarki ba, har sai da Akbar ya yi tattaki da kansa ya same shi ba zato. A ƙarshen shekarar Akbar ya ba Shamsuddin Ataga Khan, mijin Jiji Anga, babban muƙamin waziri. Wannan Shamsuddin shi ne sojan da ya tsamo Humayun daga kogi bayan an ci su da yaƙi a Kannauj a 1540. Gidan Maham ya ga an ɗauke musu tuwo daga gaba an ba wani gidan masu shayarwa. Ranar 16 ga Mayun 1562 Adham Khan ya kutsa zauren fada a Agra ya sa aka kashe Ataga Khan, sannan ya nufi cikin gida da takobi. Akbar ya fito, ya naushe shi ya faɗi, ya ba da umarni a jefo shi daga saman bene. Bai mutu ba, aka sake hawa da shi aka jefo. Sarki da kansa ya gaya wa Maham Anga, kuma Abul Fazl, marubucin tarihin fadar Akbar, ya rubuta cewa ta amsa masa da cewa ya yi daidai. Kwana arba'in bayan haka ta bi ɗanta. Kabarinsu yana nan a Mehrauli cikin Delhi, Akbar ne ya gina shi.

Ke nan gabar da ta zubar da jini a wannan shekara ba tsakanin Musulma da Bahindiya ba ce, ba kuma tsakanin uwargida da amarya ba. Tsakanin gidaje biyu na 'yan'uwan nono ce. Shirin ya ja wannan lokaci na wata huɗu ko biyar ya mai da shi ɗaruruwan kashi, ya kuma juya bakin makircin ya fuskanci Jodha. Ban ga laifinsa sosai a nan ba, domin wasan kwaikwayo yana buƙatar fuska ɗaya da mai kallo zai damu da ita. Inda nake da ƙorafi shi ne abin da aka yi wa Ruqaiya.

Ruqaiya Sultan Begum 'yar baffan Akbar ce, Hindal Mirza, wanda ya mutu a 1551 yana yaƙi a ɓangaren Humayun. Saboda wannan sadaukarwa aka yi mata baiko da Akbar tun suna yara, aka kuma ba shi mutanen Hindal da ƙasar Ghazni. Farkon shirin ya nuna ta yadda ya kamata: abokiyar ƙuruciya, mai kaifin basira, wadda take buga darar shatranj da sarki kuma take iya gaya masa abin da wani ba zai iya ba. Zafin da take ji na gaske ne. Mace ce da ta yarda mijinta ba ya son kowa, ta haƙura da zama aminiyarsa, sai ga shi ya fara son wata. Lavina Tandon ta iya nuna wannan ciwon. Amma da tafiya ta yi nisa sai aka riƙa zare mata hankali kaɗan-kaɗan, aka mai da ita mai cikin ƙarya, mai ƙulle-ƙulle marasa kan gado, wadda kowane makiri ke juyawa yadda ya so. Littattafan fadar ba su kawo wata gaba tsakaninta da 'yar Amer ba. Abin da suka kawo shi ne ba ta haihu ba, kuma da aka haifi Khurram a 1592, wanda ya zama Shah Jahan mai Taj Mahal, Akbar ya damƙa mata renonsa. Jahangir, ɗan Akbar kuma mahaifin Khurram, ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa ta so yaron fiye da a ce ita ta haife shi. Wannan yaro jikan 'yar Amer ne. Sarki ba ya ba wa macen da bai amince da ita ba jikan da ya fi so. Ta rasu a 1626, aka kai ta Kabul aka binne ta kusa da mahaifinta a lambun Babur. Abin takaici ne a ce miliyoyin mutane ba su san ta ba sai a matsayin muguwar uwargida, kuma ina ganin akwai cutarwa a yawan nuna macen da ba ta haihu ba a matsayin mai baƙin ciki da 'ya'yan wasu.

Salima Sultan Begum, matar marigayi Bairam Khan da Akbar ya aura a 1561, ita ce shirin ya fi yi wa adalci. An nuna ta mai natsuwa, mai sulhu, kuma haka tarihi ya san ta.

Mu koma kan ma'auratan. Wurin da shirin ya fi zurfi a kan amana shi ne labarin Sujamal. Ya shigo cikin gidan sarki a ɓad-da-kama cikin shigar babanni, Jodha tana ganawa da shi a ɓoye, ta kuma riƙe alkawarin da ta yi na rufa masa asiri. Jalal ya ga matarsa da wani namiji da dare, ya tambaye ta, ta ƙi faɗa, ya jefe ta da mafi munin zargi. Da gaskiya ta bayyana ta riga ta bar fada, shi ne ya bi sawu yana nema. Fim ɗin Jodhaa Akbar na 2008 na Ashutosh Gowariker ma a kan wannan Sujamal ya gina rabuwarsu. Abin da ya sa wannan kashi ya fi sauran shi ne laifin ba na mutum ɗaya ba ne. Jalal ya yi gaggawa, kuma kalmar da ya faɗa ba ta goguwa. Amma ita ma ta zaɓi alkawarin gidan ubanta a kan gaya wa mijinta gaskiya, domin a ranta ba ta tabbata ba cewa zai bar ɗan'uwanta da rai. Tana neman ya yarda da ita ido rufe, alhali ita ba ta yarda da shi ba a kan abin da ya fi damunta. Wannan shi ne ainihin ciwon auren siyasa: kowannensu yana ɗauke da mutanen da za su halaka idan ya yi kuskuren amincewa.

Matsalar ita ce shirin bai cika tsayawa a wannan matsayi ba. Mafi yawan lokaci Jodha ce mai gaskiya ɗari bisa ɗari, kuma hanyar da take samun yardar sarki ita ce ta kusa rasa ranta, kamar lokacin da ta sha gubar da Benazir ta tanadar masa. To idan sai mace ta sha guba kafin a gaskata ta, ba yarda aka yi da ita ba, hujja ta kawo. Kuma da yake ana buƙatar sabuwar rigima kowane mako, bayan 'yan kwanaki sai Jalal ya manta da wannan hujja ya sake zarginta. A haka aka wayi gari sarkin da ya haɗa daula daga Kabul zuwa Bengal ya zama mutumin da kowace baiwa za ta iya ruɗawa da jita-jita.

Akbar na tarihi ya koyi darasin kunne da wuri, kuma akwai abin da ya faru da ke nuna haka. Sharifuddin ya yi tawaye a ƙarshen 1562. A watan Janairun 1564, Akbar yana dawowa daga ziyarar kabarin Shehu Nizamuddin a Delhi, wani bawa mai alaƙa da Sharifuddin ya harbe shi da kibiya a kafaɗa, kusa da makarantar da Maham Anga ta gina. Fadawa suka so a matsa wa maharbin ya faɗi waɗanda suka aiko shi. Akbar ya hana, ya sa aka kashe shi nan take. Hukunci ne mai tsauri, amma dalilinsa a fili yake: mutumin da ake azabtarwa zai kira kowane suna, kuma fadar da kowa ke jiran ya ji ko an ambace shi ba za ta zauna lafiya ba. Wannan sarki ne da ya gane cewa zargi makami ne a hannun masu neman kusanci da shi. Da shirin ya bar Jalal ɗinsa ya girma zuwa wannan matsayi, da ya fi ƙarfi.

A tarihi, ba a ɗakin kwana aka auna amanar da ke tsakanin Agra da Amer ba, a muƙamai da rundunoni aka auna ta. A 1563 Akbar ya soke harajin da ake karɓa daga Hindu masu ziyarar wuraren ibadarsu, a 1564 ya soke jiziya. Shirin yana son danganta irin waɗannan matakai ga tasirin Jodha, amma lissafin mulkin ƙasar da mafi yawan mutanenta ba Musulmi ba ne shi ma yana ciki, haka kuma buƙatar sarki ta samun dakarun da ba sa ƙarƙashin tsofaffin sarakunan yaƙin da suka zo da mahaifinsa. A 1570 ya ƙara auren 'ya'yan sarakunan Bikaner da Jaisalmer. A 1576 ya ba Man Singh jagorancin rundunar da ta kara da Rana Pratap na Mewar a Haldighati, wato ya tura Rajput ya yaƙi Rajput da sunan Mugal. Daga baya ya ba shi riƙon Kabul, sannan Bihar da Bengal, har darajarsa ta kai ta mai dakaru 7,000. Ba kowa ya ji daɗin wannan tafiya ba. Malamai irin su Abdulƙadir Badauni sun soki yadda al'adun Hindu suka samu gindin zama a fada, kuma mai kallo Musulmi da ya tambayi halaccin auren ba shi ne na farko da ya yi tambayar ba. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙungiyar Karni Sena ta Rajput ta yi zanga-zanga a kan fim ɗin da kuma shirin, tana cewa an murɗe tarihi.

Ko sunan Jodha ma ba ya cikin Akbarnama, tarihin mulkin Akbar da Abul Fazl ya rubuta. Marubutan baya ne, musamman James Tod a ƙarni na 19, suka yaɗa shi, kuma masana da yawa suna ganin ya fi dacewa da matar Jahangir 'yar Jodhpur. Laƙabin da daular ta san matar da shi shi ne Maryam-uz-Zamani. Tagwayen Akbar, Hasan da Husain, an haife su a 1564 suka rasu cikin wata guda. Sai a watan Agustan 1569 ta haifi Salim, wanda ya zama Jahangir, a Sikri, kusa da zawiyyar Shehu Salim Chishti wanda aka sa wa yaron sunansa. Matar da ta fito daga wannan tarihi ta fi ta talabijin faɗi. Ta yi fatauci a teku, tana da babban jirgin ruwa mai suna Rahimi da ke ɗaukar kaya da alhazai zuwa Bahar Maliya, kuma da Turawan Fotugal suka kama shi a 1613 ɗanta Jahangir ya ɗauki abin a matsayin cin mutuncin daula, ya rufe cocinsu a Agra, ya tura runduna Daman, garinsu na bakin teku. Akwai masallaci mai sunanta a Lahore har yau. Ta rasu a 1623, kabarinta yana Sikandra kusa da na mijinta.

Gwaji mafi tsanani ga duk wannan gini ya zo ne a ƙarshen ran Akbar, kuma daga ɗan da aka daɗe ana roƙon Allah a samu. Salim ya yi wa mahaifinsa tawaye, ya kafa fadarsa a Allahabad, a 1602 kuma ya sa Bir Singh Deo ya kashe Abul Fazl, amintaccen sarki na kusa. Wadda ta yi tattaki zuwa Allahabad a 1603 ta lallaso shi ita ce Salima, kishiyar mahaifiyarsa, kuma kakarsa Hamida Banu ce ta kai shi gaban ubansa aka sasanta. Matan gidan da ake nuna mana suna cin dunduniyar juna su ne suka haɗa kai suka ceci ɗan 'yar Amer. Waɗanda suka juya masa baya kuwa su ne mutum biyun da Akbar ya fi amincewa da su. Da sarki ya kwanta ciwon ajali a 1605, Man Singh da Mirza Aziz Koka suka so a tsallake Salim a naɗa ɗansa Khusrau, domin Khusrau ɗan 'yar'uwar Man Singh ne kuma surukin Aziz Koka. Gidan Amer da gidan nono na Ataga Khan suka tsaya a sahu ɗaya saboda kowannensu yana son ya zama shi ne mafi kusa da sarki na gaba. Sauran manyan fada suka ƙi, Akbar ya yi nuni a ba Salim rawani da takobin Humayun, ya hau gadon mulki da sunan Jahangir. Cikin 'yan watanni Khusrau ya yi tawaye a 1606, aka kama shi, daga baya aka makantar da shi.